Tarihin Kwaɓin Gini: Darasi Daga Bututun Hayaƙin Gidajen Ingila

Duk wanda ya tsaya gaban ginin jan bulo, abin da idonsa yake fara kamawa shi ne bulon kansa. Ba kasafai ake kula da ɗan siririn layin kwaɓin da ke tsakanin bulo da bulo ba, wanda faɗinsa bai fi santimita ɗaya ba. Amma a Ingila da Amurka akwai birkilolin da ba su da wata sana'a sai ƙwaƙule wannan layi idan ya tsufa, su sake cika shi da sabon kwaɓi. Wurin da aka fi kiransu kuwa shi ne kan rufi, jikin bututun hayaƙin gida. Tarihin wannan aiki muke son mu bi a yau, domin a cikinsa akwai wani kuskure da ƙasashe masu ilimin gini suka shafe shekaru da dama suna tafkawa, suna ganin gyara suke yi alhali ɓarna suke saya da kuɗinsu. A cikinmu akwai magina da leburori, akwai masu gidajen burodi, akwai kuma waɗanda suka gaji tsohon gida a Arewa suna aika kuɗin gyara duk shekara. Kowannenmu yana da rabo a wannan labari.

Maganar a dunƙule ita ce, kwaɓin da ke tsakanin bulo dole ya fi bulon laushi, ya kuma fi shi saurin fitar da danshi. An sa shi ne don wahalar ruwa da zafi da motsin gini ta ƙare a kansa, a riƙa sabunta shi, bulo ya tsira. Maginan da sun yi aiki a kan haka. Zuwan siminti ya sa aka manta, sai da gine-gine suka fara zubewa sannan aka tuna.

YADDA BUTUTU YA SHIGA GIDAJEN INGILA

Turawan Ingila ba su taso da bututun hayaƙi ba. Shekaru ɗaruruwa murhunsu a tsakiyar ɗaki yake, kamar yadda ake hura wuta a bukka lokacin hunturu, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin sannan ya nemi hanya ta wata kafa da aka bari a rufi. Bututu ya fara bayyana ne a fadojin sarakuna da manyan masu sarauta a ƙarni na 12. Ɗaya daga cikin mafi tsufa da suka rage yana jikin hasumiyar Conisbrough a yankin Yorkshire, wadda aka gina wajen shekarar 1185. Talaka kuwa sai da ya jira kusan shekara 400. Wani limamin coci mai suna William Harrison, a littafinsa kan halin zaman Ingila da aka buga a 1577, ya kawo labarin dattawan ƙauyensu da suke mamakin yawan bututun da aka kakkafa a zamaninsu, alhali a ƙuruciyarsu da ƙyar a ga biyu ko uku a gari guda.

Abu biyu suka kawo wannan sauyi. Jan bulo ya yawaita, itacen girki kuma ya yi tsada har mutanen birni suka koma ƙona gawayin kwal. Hayaƙin kwal ba ya zaunuwa a ɗaki, dole a nema masa hanyar fita. Bututu ya bazu har gwamnati ta ga wurin samun kuɗi. A 1662, zamanin Sarki Charles na Biyu, aka ɗora harajin sule biyu a shekara a kan kowane murhu da ke cikin gida. Wasu har toshe murhunsu suka riƙa yi don guje wa biya, kuma ƙiyayyar da jama'a suka yi wa harajin ta sa aka soke shi a 1689.

A watan Satumba na 1666 gobara ta tashi daga wani gidan burodi a Landan, ta cinye gidaje wajen 13,200 da coci 87. Mafi yawan gidajen na katako ne. Dokar sake gina birnin da aka kafa a 1667 ta wajabta gini da jan bulo ko dutse. Daga nan Landan ta zama birnin bulo, kowane gida da bututunsa a sama.

Bututu shi ne ɓangaren gida da ya fi kowanne shan wahala. Bango yana da rufi a kansa, yana kuma shan ruwa ta fuska ɗaya. Shi kuwa bututu a tsaye yake can ƙololuwa, ruwa da iska suna dukansa ta fuska huɗu da kuma ta sama. Cikinsa zafin wuta, wajensa sanyin ƙanƙara. Ga shi ba ya kusa da ido, mai gida sai ya shekara ashirin bai duba shi ba. Abin da sakacinsa yake jawowa ya fito fili a ƙarshen watan Nuwamba na 1703, lokacin da wata guguwa ta auka wa kudancin Ingila. A Landan kaɗai bututu wajen 2,000 suka faɗi. A garin Wells, bututun fadar babban limamin cocin yankin, Bishop Richard Kidder, ya rufto ta cikin rufi ya kashe shi da matarsa suna kwance. Marubuci Daniel Defoe ya tattara labaran wannan guguwa ya fitar da littafi a 1704.

KWAƁIN DA AKA GINA SU DA SHI

Duk waɗannan gine-gine ba su san siminti ba, don ba a ƙirƙiro shi ba tukuna. Da farar ƙasa da yashi aka ɗora su. Farar ƙasar da muke nufi a nan ba wadda ake haƙowa a shafa wa ɗaki ba ce kai tsaye. Ita wannan daga dutse ake samunta, irin dutsen da kamfanonin siminti suke fasawa a Ashaka da Kalambaina. Ana ƙona dutsen a tanderu da zafin da ya kai digiri 900, ya fito fari fat, mara nauyi. Idan aka zuba masa ruwa sai ya tafasa ya yi tururi ya narke, ya zama kamar kindirmo mai kauri. Wanda ya taɓa ganin farin dagwalon da masu walda suke zubarwa daga tukunyar kabayid ya ga danginta, sinadarinsu ɗaya ne. Ana ajiye wannan kindirmo a rami ya kwanta na watanni, sannan a kwaɓa kashi ɗaya da yashi wajen kashi uku.

Wannan kwaɓi ba ya kamawa da wuri. A hankali yake shaƙar iskar da aka kora daga dutsen lokacin ƙonawa, yana komawa dutse sannu a hankali cikin watanni, a cikin bango mai kauri ma har shekaru. Wannan jinkiri shi ne aibinsa a idon mai gaggawa, amma yana tafe da amfani guda huɗu. Na farko, yana da laushi, idan gini ya ɗan motsa saboda zafi ko zaman ƙasa sai layin ya ba da kai, bulo bai tsage ba. Na biyu, yana da ƙananan kafofi, ruwan da ya shiga bango ta cikinsa yake fita ya bushe. Na uku, idan ya yi 'yar siririyar tsaga, danshi yakan narkar da ɗan abin da ke gefen tsagar ya sake daskarewa ya liƙe ta. Na huɗu, idan an rushe gini ana iya kankare shi daga jikin bulo a sake amfani da bulon.

Farashin wannan amfani shi ne kwaɓin yana cinyewa. Ruwa da iska suna zaizaye fuskarsa kaɗan-kaɗan, bayan shekaru da dama layin ya zurma ciki. Maginan wancan zamani ba su ɗauki wannan a matsayin lalacewar gini ba. Sun san lokacin ciko ne ya yi, kamar yadda mai takalmi ya san dunduniya ce take fara cinyewa. Sai a hau, a ƙwaƙule wanda ya mutu, a cika da irin wanda aka fara ginin da shi.

ZUWAN SIMINTI

Babbar matsalar farar ƙasa zalla ita ce ba ta kamawa a cikin ruwa. Romawa sun shawo kan wannan tun kafin haihuwar Annabi Isa, ta hanyar haɗa ta da tokar dutse mai aman wuta da suke ɗebowa a Pozzuoli kusa da Naples. Da irin wannan haɗi suka zuba ƙubbar Pantheon a birnin Rum wajen shekara ta 126, mai faɗin mita 43, wadda har yau tana tsaye. Bayan faɗuwar daularsu wannan ilimi ya yi rauni a Turai.

Wanda ya sake buɗe ƙofar shi ne injiniya John Smeaton. An ba shi aikin gina hasumiyar fitilar jiragen ruwa a kan dutsen Eddystone, cikin teku daura da Plymouth, tsakanin 1756 da 1759. Ya gwada duwatsu iri-iri, ya gano cewa dutsen farar ƙasa mai ɗan yumɓu a cikinsa shi ne yake ba da kwaɓin da ke kamawa ko a ƙarƙashin ruwa. Hasumiyarsa ta yi fiye da shekara 120 tana aiki. Da aka zo sauya ta ma, dutsen da take kai ne teku ya rarake, ginin kansa bai gaza ba.

Bayansa mutane suka yi ta gwaji. A 1796 James Parker ya yi rajistar wani kwaɓi mai saurin kamawa da aka riƙa kira simintin Romawa. A watan Oktoba na 1824 wani birkila ɗan garin Leeds mai suna Joseph Aspdin ya yi rajistar nasa haɗin na dutsen farar ƙasa da yumɓu, ya sa masa suna Portland saboda launinsa ya yi kama da wani dutsen gini mai daraja da ake haƙowa a tsibirin Portland. Sunan da muke gani ke nan har yau a jikin buhun siminti. Ɗansa William Aspdin ne, a shekarun 1840, ya ƙara wa tanderu wuta har ya samu abin da ya fi kusa da simintin yau, wanda ake ƙonawa da zafin wajen digiri 1,450.

Siminti ya nuna kansa a manyan ayyuka. Bayan warin kogin Thames ya addabi Landan a 1858, injiniya Joseph Bazalgette ya fara gina manyan magudanan ƙazanta na ƙarƙashin ƙasa a 1859. Ya ɗora bulo sama da miliyan 300 da simintin Portland, yana sa a gwada ƙarfin kayan da aka kawo kafin a karɓa. A Amurka, David Saylor ya yi rajistar nasa a 1871, yana sarrafa shi a Coplay cikin jihar Pennsylvania. A irin waɗannan ayyuka, wato magudana da gada da tashar jirgi, siminti ba shi da na biyu, kuma babu mai musun haka.

Shigarsa ginin gidaje ta ɗauki lokaci. Da farko ana ɗan barbaɗa shi ne a cikin kwaɓin farar ƙasa don ya yi saurin kamawa. Zuwa shekarun 1930 yawancin maginan Amurka sun koma haɗa siminti da farar ƙasa daidai wa daida. A Ingila yaƙin duniya na biyu ne ya ƙarasa aikin. Bayan 1945 ana bukatar gidaje masu yawa cikin gaggawa, ƙwararrun magina sun yi ƙaranci, siminti kuma yana zuwa a buhu, a kwaɓa yau ya kama gobe. Ƙananan tanderun ƙona farar ƙasa na ƙauyuka suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Yaran da suka koyi gini a wannan zamani suka tashi ba su san wani kwaɓi ba sai na siminti.

GYARAN DA YA ZAMA ƁARNA

Sabon gida da aka gina da sabon bulo mai tauri bai samu matsala da siminti ba. Matsalar ta faɗa wa tsofaffin gidaje ne, waɗanda bulonsu na hannu ne, an gasa shi da wuta mara ƙarfi, yana da laushi yana kuma shan ruwa. Mai gida ya ga layin bututunsa ya zurma, ya kira birkila, birkila ya cika shi da siminti mai ƙarfi. Kowa ya yi murna, an ce an yi maganin abin har abada.

Ga abin da yake biyo baya. Ruwan sama bai daina shiga bulon ba, amma hanyar fitarsa ta toshe, don siminti ba ya barin danshi ya wuce kamar farar ƙasa. Sai ruwan ya taru a gefen bulo yana neman fita ta fuskarsa. Idan sanyi ya zo ya daskare, ruwa kuwa idan ya zama ƙanƙara girmansa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100. Wannan kumburi sai ya ɓamɓare fuskar bulon. Inda babu ƙanƙara ma, gishirin da ruwa ya ɗauko yana bushewa a cikin bulon ya yi irin wannan aiki. Sannan idan zafi ya sa gini ya motsa, simintin ba ya lanƙwasa, gefen bulo ne yake tsagewa, ko kuma a samu siririyar tsaga tsakanin siminti da bulo wadda ruwa zai bi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Bayan 'yan shekaru sai a ga layukan siminti a tsaye garau kamar saƙar zuma, bulon da ke tsakiyarsu ya zama gari.

Bututu yana da wani ƙarin ciwo nasa. Kwal yana ɗauke da farar wuta. Hayaƙinsa idan ya haɗu da danshi a cikin bututu sai ya zama ruwa mai cin gini, wanda yake sa kwaɓin siminti ya kumbura. Gefen da ya fi shan ruwan sama ya fi kumbura, shi ya sa ake ganin tsofaffin bututu da yawa a Ingila sun karkace gefe guda. Layin da ya buɗe kuma ba ruwa kaɗai yake shigarwa ba. Yana fitar da hayaƙi zuwa ɗakunan sama, har da iskar nan mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda take kashe mutanen da suka kwana da janareta a cikin ɗaki. Yana iya kai tartsatsin wuta ga katakon rufi ma.

Wato an juya lissafin. Da can abu mai araha ne yake lalacewa don ya kare mai tsada. Bayan cikon siminti sai mai tsadar ya koma lalacewa, kuma cire simintin ma ba ya yiwuwa sai an ƙara ɓarke gefen bulon.

YADDA AKA DAWO HANYA

Tun a 1877 William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a Ingila, suna kira da a riƙa kula da gini a kai a kai da ƙananan gyare-gyare, a daina bari sai ya lalace a zo a yi masa gyaran ƙarfi. Sai dai muryarsu ba ta kai ga birkilan unguwa ba. Abin da ya farkar da mutane shi ne aikin ceto fuskar babban cocin Wells, garin nan da bututu ya kashe limaminsa. Tsakanin 1974 da 1986 aka yi aikin adana mutum-mutumin dutse wajen 300 da ke jikin ginin. Farfesa Robert Baker ya jagoranci hanyar da aka bi, wadda ta ƙunshi cire tsofaffin cikon siminti da mayar da gurbinsu da farar ƙasa. Waɗanda suka koyi aiki a wurin suka bazu da ilimin. A Amurka, hukumar da ke kula da gandun daji da wuraren tarihi ta fitar da takardar jagora kan cikon layin bulo a 1976, ta sabunta ta a 1998. A Sikotilan an buɗe cibiyar koyar da aikin farar ƙasa a 1994.

Ƙa'idojin da aka tsaya a kansu ba su da wuyar fahimta. Ana fara bincikar abin da aka yi ginin da shi. Tsohon kwaɓin farar ƙasa fari-fari ne, ƙusa tana kankare shi, sau da yawa ana ganin 'yan fararen ƙulalai a cikinsa. Sabon da za a cika da shi kada ya fi tsohon ƙarfi, kada kuma ya fi bulon. Ga tsohon bulo mai laushi, farar ƙasa ɗaya yashi uku. Ga mai matsakaicin ƙarfi akan yi siminti ɗaya, farar ƙasa biyu, yashi tara. Ga bulon zamani mai tauri, siminti ɗaya, farar ƙasa ɗaya, yashi shida.

Ana ƙwaƙule layin da kurfi da guduma a hankali, zurfin ya kai ninki biyu zuwa biyu da rabi na faɗinsa. Layin santimita ɗaya ke nan a shiga santimita biyu ko ɗan fiye. Injin yanka mai faifai yana da sauri, amma hannu kaɗan ya goce ya yanke bulon. A share ƙura, a jiƙa wurin don kada busasshen bulo ya zuƙe ruwan kwaɓin. A cusa kwaɓin da siririn cokali hawa-hawa, kowane hawa kamar milimita 6, a danna sosai, a bari ya ɗan yi tauri kafin a ɗora na gaba. Kada a shafe fuskar bulo da shi. Bayan an gama a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a riƙa yayyafa ruwa na kwanaki, a kare shi daga rana mai zafi da iska. Mai aikin ya kare idonsa da hannunsa, don farar ƙasa tana ƙuna. A duba kuma murfin kwaɓin da ke saman bututun da mahaɗarsa da rufi, don ta nan ruwa ya fi shiga. Idan kuwa bututun ya karkace ko bulonsa yana motsi a hannu, ya wuce ciko, sai a sauke shi a sake ɗorawa.

INA RUWANMU DA WANNAN?

Bututun ɗumama ɗaki ba ɗabi'ar gininmu ba ce, amma akwai shi a ƙasar nan. A Jos da Bukuru, inda tudu ya kai mita 1,200 sanyin hunturu kuma yake shiga ƙashi, Turawan haƙar kuza sun bar gidaje masu murhu da bututu, wasu har yau da mutane a ciki. A nan Kudu akwai tsofaffin gine-ginen jan bulo a tsibirin Legas da Badagiri, inda benen nan na 'yan mishan yake tsaye tun 1845, lokacin da siminti bai zama kayan ginin gida ba ko a Ingila. Akwai kuma gidajen burodi masu tanderun bulo da bututu a kusan kowane gari da muke zaune. Mai irin wannan tanderu ya sani cewa simintin buhu ba ya jure wuta kai tsaye. Cikin tanderu aikin yumɓu ne mai jure zafi, wajen bututun kuma yana bukatar dubawa duk bayan damina. Ba mu da ƙanƙara, amma muna da ruwan sama mai yawa, bakin teku kuma ga gishiri a iska.

Siminti ya zo mana a makare amma ya shigo da ƙarfi. Kamfanin Nkalagu ya fara aiki a 1957, Ewekoro a 1960, na Sakkwato a 1967, Ashaka a 1979. A 1975 odar siminti ta yi yawa har jiragen ruwa sama da 400 suka yi cirko-cirko a tashar Legas suna jiran sauke kaya. Cikin shekaru kaɗan siminti ya zama alamar cewa mutum ya samu, ginin ƙasa kuma ya zama abin da ake jin kunya.

A nan ne muka maimaita kuskuren Ingila da namu salon. Maginan Hausa sun daɗe da sanin ƙa'idar da Turawa suka manta suka sake tunowa. Bangon tubali da yaɓen ƙasa ake rufe shi, a bi shi da makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa. Inda ruwa ya fi duka, kamar saman soro da rawani da bakin indararo, a sa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Duk waɗannan suna cinyewa a hankali, kuma kowa ya san bayan damina akwai yaɓe. Da irin wannan ilimi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

Yau kuwa ɗan uwa yana nan Kudu yana nema, ya tara kuɗi ya aika gida a yi wa ginin ƙasar mahaifinsa filastar siminti don a huta da yaɓen shekara-shekara. Niyyar mai kyau ce. Amma siminti da ƙasa ba sa kama juna da kyau, ba sa kuma motsi tare idan zafi da sanyi sun sauya. Filastar sai ta tsattsage ta saki bangon. Ruwa ya shiga ta tsagar, ko danshi ya taso daga ƙasa, ya rasa mafita. Tubalin yana narkewa a ɓoye, daga waje kuwa gida sumul. Yaɓen ƙasa idan ya zaizaye ido yana gani a gyara. Filastar siminti tana rufe ciwon har ranar da bangon zai zauna gaba ɗaya, galibi a tsakiyar damina, da dare, mutane suna ciki.

Ba muna cewa a guji siminti ba ne. Gidan bulon siminti da kwaɓin siminti ake ɗora shi, kuma da shi ake gyara shi. Ko a nan ɗin, kwaɓin da ya fi bulon ƙarfi ba gwaninta ba ce, don idan gini ya motsa bulon ne zai tsage maimakon layin. Abin da muke cewa shi ne a gyara kowane gini da dangin abin da aka gina shi.

Don haka kafin mu aika kuɗin gyara, ko mu karɓi aikin gyaran tsohon gini, mu yi tambaya uku. Da me aka gina shi tun farko? Ta ina ruwa yake shiga, kuma an toshe wannan hanya? Abin da za a sa, ya fi jikin bangon ƙarfi ko bai fi ba? Wanda gidansu na ƙasa ya riga ya sha filastar siminti, ya sa a bi bangon ana ƙwanƙwasawa da hannu. Inda aka ji amo kamar ganga, filastar ta saki, a ɓamɓare wurin a ga halin da tubalin yake ciki. A duba gindin bango, a gyara indararo ya riƙa jefa ruwa nesa da gini. A nemi tsofaffin maginan unguwa tun suna raye, a haɗa su da yaranmu masu koyon gini, don ilimin laso da makuba ba a buhu yake zuwa ba. Lokacin wannan aiki kuwa shi ne rani, tun bango yana bushe, kafin hadarin farko ya haɗu.

Magina da masu gidajen burodi da ke cikinmu, muna son jin abin da kuka gani da idonku a wajen aiki. A tura wa 'yan uwa da ke gida su ma su karanta. Allah ya tsare mu da iyalanmu.